Taken Sabo a Bakin Tekun Doha

Duk Bahaushen da ya zauna a gidajen ma'aikata na Umm Salal, wajen birnin Doha a ƙasar Qatar, a shekarun nan ya san Malam Dikko, ko da bai taɓa shiga motarsa ba. Dogo ne, baƙi, mai ɗan gemun da furfura ta fara ci. Ba ya dariya sai da dalili, kuma ko da dalilin ma sai ya auna ta. Direba ne. Da farko kayan lambu yake ɗaukowa daga gonakin Umm Salal zuwa kasuwar Abu Hamour, tumatir da kokwamba da wasu ganyayen da har ya bar aikin bai san sunansu ba. Daga baya kafil ɗinsa, wato Balaraben da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya mai da shi wani kamfani mai motocin ɗaukar baƙi. Amma ba tuƙi ne ya yi masa suna ba. Shi ke jan mutanen ɗakunansu salla in aiki ya hana su kaiwa masallaci, shi ake kai wa ƙara in mutum biyu sun saɓa a kan tukunya ko caja, shi ake ba ajiya. Samari na cikin shewa da waƙa a waya, da sun ji takunsa sai su rage murya. Wannan girma shi ne duk abin da Dikko ya tara a Doha, don in ka ɗauke shi, akwati ɗaya ne da bargo.

Akwai abin da ba wanda ya sani, kuma a kan ɓoye shi girman ya tsaya. Dikko ɗan makaɗi ne. Sunan yankan ubansa Ayuba, shi ne a fasfo, amma duniya ta san shi da Sabo Mai Kalangu na Matazu, makaɗin mahauta, wanda in ya saɓa kalangu ranar kasuwa har masu awo sai sun ɗaga kai. Sabo ya gaji kiɗa wurin ubansa Aruna, kuma a cikin 'ya'yan Sabo Dikko kaɗai ne namiji. Tun bai kai ya ɗauki ganga ba ake ɗora masa yatsu a kan fata. Ya haddace taken mahautan ƙasar kaf, daga Matazu har Musawa, ya kuma haddace na ubansa, wanda Sabo ke buɗe kiɗa da shi, inda kalangu ke cewa: Sabo na Aruna, kasuwa ta ci, ina kake?

A wajensu take suna ne da ake kira da ganga, kuma ba a barin sa ya faɗi ƙasa. In an buga na mutum sai ya miƙe ya yi kirari. In ya mutu, ɗansa ya amsa masa. In kuwa aka buga aka ji shiru, to kowa ya san gidan nan ya mutu.

Da Dikko ya zama saurayi ya tafi birnin Katsina koyon mota, ya haɗa da karatun addini, kuma Allah ya ba shi kai da murya. Malaminsu har ya fara tura shi gaba ya ja ɗalibai salla. Ran nan wani baƙo daga ƙauye ya gan shi ya ce, a'a, ba ɗan Sabo Mai Kalangu ba ne wannan? Ba wanda ya ce wa Dikko komai. Ba a zage shi ba, ba a kore shi ba. Washegari dai da aka ta da iƙama sai aka tura wani gaba. Ko daidai ne ko ba daidai ba, wannan magana ce ta malamai, a bar musu. Abin da ya tabbata shi ne ciwon ya shiga Dikko bai fita ba. Daga ranar ya daina taɓa ganga, ya rage zuwa gida, kuma da ya zo Doha, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce shi ɗan cikin garin Katsina ne, ubansa manomi. Bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, Sabo yana noma da damina kamar kowa. Irin gaskiyar nan ce da ake yanke mata ƙafa ɗaya don ta shiga aljihu.

Cikin kullen korona, lokacin da aka rufe filayen jirage aka tsare ma'aikata a ɗakuna, yayarsa Asibi ta kira shi tana kuka ta ce Baba ya cika. Ba hanyar tafiya, ko da kuwa mutum zai sayar da ransa. Dikko ya zauna bakin gado da waya a hannu, ya ji duniya ta yi masa faɗi, ɗakin kuma ya yi masa ƙunci. Mutanen ɗakuna suka taru nesa-nesa da juna, kowa da ƙyalle a baki, aka yi wa Malam Ayuba addu'a, aka ce Allah ya sa noman da ya yi ya zame masa sadaka.

A makon nan ne Ghali ya shigo da ido jawur. Ghali mai gadi ne, ɗan mahauta daga Musawa, gajere mai faɗin kafaɗa, mai surutu da saurin kuka, irin mutanen da zuciyarsu ke kan harshe. Gadonsa na fuskantar na Dikko. Ya zube ya ce, "Malam, yau kuma wata mutuwar ta same ni. An aiko mini daga gida, Sabo Mai Kalangu na Matazu ya rasu. Kai ɗan birni ne, ba ka san shi ba. Wallahi mutumin nan in ya taɓa kalangu, sai ka ga tsofaffin mahauta na rawar jiki. Mu mun tashi da kiɗan shi a kunne." Ya share ido da bayan hannu ya ce, "Ka gani, mako guda da mahaifinka. Ka sa shi a addu'a, Malam, duk da dai na san ku malamai ba ku son harkar."

Dikko ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu."

Haka ya yi wa ubansa addu'a a matsayin mutum biyu, manomin da ya ƙirƙira da makaɗin da ya haife shi. Ghali ya yi ta ba da labarin Sabo har la'asar, yana kwaikwayon yadda yake karkata kai in kiɗa ya yi daɗi, shi kuwa ɗan Sabo yana zaune yana jan carbi. Baƙin cikin da ya sha a yammacin nan ya fi na ranar rasuwar, domin bare yana kukan ubansa a fili, shi an bar shi da haɗiya.

Annoba ta lafa, aka buɗe gari, sai kuma guguwar gasar ƙwallo ta cin kofin duniya ta taso. Doha ta cika ta batse. Mutanen da Dikko bai taɓa jin sunan ƙasarsu ba suka cika titi da tutoci da fenti a fuska, manya da gemunsu suna tsalle saboda ƙwallo. Kamfani ya ba shi baƙar mota doguwa, aka ce zai riƙa ɗaukar wani baƙo daga Koriya, daga masaukinsa zuwa wani zaure a Al Muntazah inda suke gwajin wasa, har ranar da za su hau dandamali a bakin teku. Dikko ya tambayi aikin baƙon, aka ce makaɗi ne. Ya ce a ransa, duk direbobin garin nan a rasa wanda za a haɗa da makaɗi sai shi.

Baƙon tsoho ne ƙanƙani, kai fari fat, da ɗan abin ji maƙale a kunne. Sunansa Pyo, Dikko ya mai da shi Baba Piyo, tsohon kuma bai ƙi ba. Tare da shi akwai tafinta, kuma abin mamaki Bahaushiya ce, Na'ima, 'yar Zariya mai karatun digiri na biyu a Doha. Ta koyi yaren Koriya ne tun tana sakandare saboda son waƙoƙinsu da finafinansu, abin da uwarta ta yi ta kira shiririta, ga shi yau shiriritar ta sa ta a motar babban baƙo. Ran farko da tsohon ya shiga, ta matso kusa da kunnen Dikko.

"Malam Dikko, ka san wa ka ɗauko kuwa?" in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

"Fasinja," in ji Dikko.

"Kai, Malam! Duk yaran nan na Koriya da ka ga duniya na rawa da waƙarsu, wannan ne ya koya wa waɗanda suka koya musu."

A cikin cunkoson hanya, kwana bayan kwana, ta ba shi labarin tsohon gutsure-gutsure, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. An haife shi a ƙauye bayan yaƙi, lokacin da ƙasarsu ba ta da komai sai yunwa da baraguzai. Ya gudu birni yana yaro, ya samu aikin buga ganguna a gidajen shaƙatawar sojojin waje, inda ake biyansa don ya kwaikwayi kiɗan Turawa daidai, kada ya ƙara kada ya rage. Ya yi shekaru yana wannan har ya gaji da zama bakin wani. Sai ya koma ƙauye ya ɗauko gangar manoma, wadda 'yan birni ke jin kunyarta, ya haɗa ta da jita da kayan kiɗan lantarki, ya sa aka rera da yarensu. Dattawa suka ce ya ɓata gargajiya, 'yan boko suka ce ya ƙauyantar da zamani, matasa kuwa suka haukace a kansa. Daga nan hukumar lokacin ta ce kiɗansa na lalata tarbiyya, aka hana shi hawa dandamali. Abin da ya fi yi masa ciwo, in ji Na'ima, ba hanin ba ne. Wasu suka riƙa ɗaukar kiɗansa suna sawa a waƙoƙinsu, ana bugawa a rediyo, sunansa kuwa an goge. Yana zaune a shagon gyaran rediyo yana jin aikinsa na fita daga akwatunan da yake gyarawa, ba mai cewa nasa ne. Da zamani ya juya, bai koma neman suna ba. Ya kama wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa ya tara yara, yana koya musu kiɗa da rawa da waƙa a haɗe, yana sa su maimaita abu ɗaya har ƙafa ta kumbura. Daga wannan ɗaki salon ya fita ya cika duniya. Yanzu kunnen ya tafi, gangunan da ya yi rayuwa a cikinsu sun cinye shi, sai dai ya ɗora tafin hannu a jikin abu ya ji motsinsa.

Dikko ya yi ta saurare yana tuƙi, sai da aka zo wajen gangar manoma da 'yan birni ke jin kunya, nan ya gyara madubi ba tare da madubin ya karkace ba.

Shi dai tsohon ba ya zama a baya. Gaba yake zama kusa da direba, ya ɗora tafinsa a kan allon gaban mota, ya lumshe ido. Dikko ya ɗauka tsufa ne, ko tsoron birki. Bai san cewa shekara da shekaru, duk sanda danja ta tsai da shi hankalinsa ya tafi gida, yatsunsa na aikinsu ba da izininsa ba. 'Yan yatsun dama su buga sitiyari, gindin tafin hagu ya amsa a jikin ƙofa, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Da can tumatir yake ɗauka, tumatir kuwa ba ya tona asiri. Fasinjojin baya ma waya suke dannawa. Wannan karon sai Allah ya zaunar masa da mutumin da ke ji da hannu.

Ana saura 'yan kwanaki wasa, Na'ima ta kira shi ta ce ya shigo zauren ya taimaka da wata jaka. Ya shiga ya tarar da samari da 'yan mata na Koriya sun yi layi, gumi na zuba, tsohon kuma na zaune tsakiya da wata ganga mai siririn ƙugu, sak kalangu, sai dai ta fi girma, ana buga ta ta fuska biyu, ɗaya mai kauri ɗaya mai zaƙi. Tsohon ya ɗaga sanda ya sauke.

Sabo na Aruna, kasuwa ta ci, ina kake?

Jakar ta suɓuce daga hannun Dikko. Ba kama ba ce, ba kusa ba ce, shi ne, har da 'yar tsayawar nan da Sabo ke yi kafin tambayar ƙarshe. Tsohon ya hango shi ya washe baki, ya nuna shi da sanda, ya kwaikwayi riƙon sitiyari yana kaɗa yatsu. Nan Dikko ya gane ta inda aka bi aka shiga gidansu.

Da aka huta ya ja Na'ima gefe ya ce, "Malama, ki ce ma Baba don Allah ya cire wanga kiɗa na farko."

"Me ya sa, Malam? Da shi zai buɗe wasan. Ya ce tun da ya zo garin nan bai ji abin da ya kai shi ba."

"Ki dai faɗa mashi."

Ta faɗa. Fara'ar tsohon ta ɗauke. Ya ajiye sanda, ya taso da kansa har gaban Dikko, ya yi magana a hankali yana kallon idonsa, Na'ima na juyawa. Ya ce shi ya ɗauka irin kiɗan nan ne da ke yawo a hannun mutane, wanda ba na kowa ba. Amma in yana da mai shi, a faɗa masa sunan. In mai shi ya yarda, zai kira sunansa a gaban jama'a kafin ya buga. In bai yarda ba, ya bar shi har abada. Ya ce an taɓa goge sunansa daga aikinsa, ya san zafin, kuma ya yi rantsuwa ba zai yi wa wani haka ba. Kalma ɗaya yake so: na wane ne?

Ga ƙofa an buɗe wa Dikko har biyu, kowacce kuwa sai ya ambaci sunan kafin ya wuce. Ya dubi Na'ima. Yarinyar kirki ce, amma Hausawan Doha tsintsiya ɗaya ne, abin da aka faɗa a Al Muntazah da azahar ya isa Umm Salal kafin isha. Ya tuna safiyar nan ta Katsina da aka tura wani gaba. Ya tuna samarin da ke rage waƙa in sun ji takunsa.

"Ba ya da mai shi," in ji Dikko. "Wasan hannu ne kawai na direbobi."

"To in haka ne me zai sa a cire?" in ji Na'ima.

"Khalas, shi ke nan, a bar shi. Na ga kamar bai dace da irin nasu ba ne."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗan rusuna ya koma wurin gangarsa. Dikko ya fita ya zauna a mota, ya damƙe sitiyari da hannu biyu don kada yatsun su motsa. Ya ji ya tsani hannuwan nan, ya kuma ji ya tsani bakin da ya fi su iya ƙarya. Ya lallashi kansa da cewa taron na 'yan Koriya ne da Turawa da Larabawa, wa zai gane? Za a buga, a tafa, iska ta kwashe.

Ranar wasa aka yi sa'ar yanayi, rana ta yi laushi bayan la'asar, iskar teku na kaɗa tutoci. Dandamalin na fili ne, jama'a sun cika har bakin ruwa. Dikko ya sauke tsohon da Na'ima ta ƙofar baya, ya ajiye mota, ya zo inda direbobi ke tsayawa, jikin shingen ƙarfe a gefen dandamali. Can ya tarar da abin da bai lissafa ba. Kamfanin gadin da aka ba wurin na su Ghali ne. Ga Ghali nan da rigar aiki mai ɗaukar ido, ga Ja'afar, saurayin nan mai tsantseni da ke yi musu kiran salla, ga wasu mutanen ɗakunansu da ke bin Dikko salla kullum.

"A'a, Liman da kansa a wurin kiɗa!" in ji Ghali yana dariya.

"Diyuti ne, aiki ya kawo ni," in ji Dikko.

"Mu ma shi ne. Yalla, matso nan inuwa, ka toshe kunne in an fara."

Aka kira sunan tsohon, filin ya ɗauki ihu. Yara 'yan Koriya da iyayensu har da masu kuka. Ya fito a hankali da farar riga, ganga rataye a gabansa, ya tsaya shi kaɗai tsakiyar dandamali, ya jira har aka yi tsit. Sannan ya ɗaga sanda. Lasifikoki masu tsayin ɗaki suka ɗauki taken Sabo suka watsa shi kan teku.

Dariyar Ghali ta tsaya a fuskarsa. Ya juya a hankali kamar wanda aka kira daga baya. Tsohon ya buga, ya tsaya, ya bar sarari, saboda a haka ya ji shi a mota, da gurbin shiru bayan tambayar, bai kuwa san gurbin na amsa ne ba. Ya sake bugawa.

"Inna lillahi," in ji Ghali. "Malam, ka ji? Wanga taken Sabo ne! Wallahi tallahi taken Sabo Mai Kalangu ne! Ina wanga tsoho ya samo shi?"

Dikko ya ƙura wa ƙasa ido.

Tsohon ya sake kira, ya sake barin sarari. Dubban mutane sun yi shiru suna jin daɗin shirun, sun ɗauka gwaninta ce. Mutum biyu ne kaɗai a filin nan suka san ana kiran mamaci ne ba a amsa ba. Ghali ya kama shingen, hawaye na bin kumatunsa, yana waige-waige kamar zai ga wani ya taso daga cikin Turawa. Ba ya da ikon amsawa, ba gidansu ba ne.

"Allah sarki Sabo," ya ce da muryar kuka. "An ce yana da ɗa namiji, ya shiga duniya. Ga shi an kira ka a ƙasar mutane, ba mai ɗauka. Shi ke nan, gida ya mutu."

Dikko ya ji maganar ta sauka a ƙirjinsa. Ya dubi Ja'afar, ya dubi sauran, mutanen da suka ba shi girman da ya rayu a kai. Ya san sarai abin da zai biyo baya, ya taɓa gani. Tsohon ya ɗaga sanda zai yi kira na ƙarshe kafin samarin su shigo da kayan lantarki su rufe komai. Sanda ta sauka. Ina kake?

Ba a san sanda Dikko ya taka ƙarfen shingen ya ɗaga hannun dama sama ba. Muryar nan da ke jan salla ta fito da wani irin ƙarfi da ba su san tana da shi ba, ta tsaga shirun.

"Ga ni! Sai ni Dikko na Sabo, jikan Aruna! Ɗan mai ta da mahauta tun wuƙa na cikin kube! Sabo, na ji kira, kwanta da daɗi, ka bar baya! Gidan Aruna bai mutu ba!"

Kawuna suka juyo. Wasu suka tafa, sun ɗauka cikin shirin ne. Wani shugaban masu gadi ya taho da sauri, Ghali ya tare shi da ƙirji ba tare da ya san ya yi ba. Tsohon bai ji kalma ɗaya ba, amma ya ga direbansa a kan shinge da hannu sama da fuska jiƙe, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa cikin ganga ba ya buƙatar tafinta a nan. Ya ɗaga wa samarinsa hannu su dakata. Ya yafito Na'ima daga gefen dandamali, ta ruga wurin shingen.

"Malam, ya ce na wane ne?"

"Na ubana ne. Sabo Mai Kalangu, na Matazu. Ki faɗa mashi ya rasu."

Ta koma ta faɗa masa a kunne, ta sake faɗa. Tsohon ya matsa ga abin magana, ya kira sunan da harshensa mai karya kalmomi, Sa-bo, Ma-ta-zu, ya rusuna har ƙasa ta wajen da Dikko yake, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan kiɗa ya ɓarke, filin ya ɗauka.

Dikko ya sauko daga shingen. Ba wanda ya yi masa magana. Da rana ta faɗi masu gadin da ke hutu suka shimfiɗa kwali a bayan motoci don magariba. Aka ta da iƙama. Aka ɗan yi jim, kowa na kallon ƙafarsa, sannan Ja'afar ya taka ya wuce gaba bai dubi kowa ba. Dikko ya shiga sahu. Ya ji zafin, ba zai ce bai ji ba, zafi ne irin na wancan karon, sai dai yau ƙirjinsa ba nauyi.

Da aka sallame mutane suka watse da sauri, kowa ya tuna yana da aiki. Ghali kaɗai ya rage zaune a gefensa, yana murza hularsa. Dikko ya jira zargi, ya san ya cancanta, mutumin nan ya yi kukan Sabo a gabansa wuni guda. Amma da Ghali ya buɗe baki muryarsa ƙarama ce.

"Ɗan Sabo," ya ce, "babana Bawa ne, Sarkin Fawan Musawa. Ya rasu ina nan, ban samu zuwa ba. Ko kana riƙe da taken nashi?"

Dikko ya lumshe ido. Ya jawo kwalin da suka yi salla a kai, ya ɗora shi bisa gwiwa, ya gwada shi da yatsa. Ya ce, "Miƙe tsaye, Ghali. Ba a amsa wa uba a zaune."